Rijiyar Bakin Iyaka

Unguwar Boro, Kaduna.

'Yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, wanda ya raya mu har muka ga wannan rana. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya a Abuja kafin jirginku ya tashi. Mu nan kowa lafiya, ni da mamanki da ƙannenki. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya sauke ki lafiya a ƙasar da aka tura ki, ya haɗa ki da mutanen kirki a ofishin jakadancin.

Ranar da muka raka ki tasha na so in yi miki magana, amma bakina ya yi nauyi. Na tsaya ina ta gyara igiyar akwatinki alhali ba abin da ya same ta. Kin san halina, abin da ba na iya faɗa da baki nakan iya da biro. Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan mamanki za ta yi. Kurakuraina zan gaya miki, waɗanda na yi sa'ad da ni ma na taɓa zama a teburi ɗaya da mutanen wata ƙasa. Kin sha jin labarin a bakina, amma kullum ina gyara shi yadda zan fito jarumi. Yau ga shi yadda ya faru.

Kina firamare lokacin, sojoji na mulki. Ina aikin safiyo, wato awon ƙasa, aka sa ni cikin tawagar da za ta je can arewa ta sake shata wani yanki na iyakarmu da Nijar. Akwai ƙauyuka biyu da ke kallon juna, ɗaya namu ɗaya nasu, kuma rigima ta yi tsanani tsakaninsu a kan wata rijiya da wata fadama, har an sassari mutane. Tsohuwar yarjejeniyar da Turawa suka bari ta ce iyaka ta miƙe ne daga wani dutse zuwa wani dutse. Aikinmu shi ne mu auna, su ma su auna nasu, sa'an nan a zauna a gwada, inda aka dace a kafa turken siminti. Shugaban tawagarmu wani Manjo ne. Akwai kuma wata lauya da aka turo daga Legas, mace mai shiru-shiru, wadda ba wanda ya kula da ita.

Mai awon wancan gefe wani dattijo ne siriri, sunansa Isufu. Mutanensa suna kiransa Mushe Isufu, domin haka suke faɗin malam ko maigida da Faransancinsu. Da muka ji haka sai muka fashe da dariya, ni ne ma kan gaba. Na ce wa abokan aikina, "To, yau da mushe za mu yi awo." Motarsu tsohuwa ce, sai an tura take tashi. Na'urarsa ta girme ni. Mu kuwa da sababbin motoci da sababbin kaya, muna tafe muna jin mu ne manya. Na tabbata ya ji abin da na faɗa, domin Hausarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Bai nuna ba. Washegari da safe ya zo inda nake da butar shayi, ya zuba mini a ɗan ƙaramin kofi, ya ce, "Malam Yakubu, mun kwana lahiya? An ce daga Kaduna kake. Ina iyali?" Ya tambayi sunanki da na ƙannenki ɗaya bayan ɗaya, kuma har muka rabu bai manta ko ɗaya ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Rifkatu, za ki zauna da wakilan ƙasashen da duk jama'arsu ba su kai ta jiharmu ba. Wani zai zo da kwat ɗin da ta koɗe, wani Turancinsa zai ba ki dariya. Ki haɗiye dariyar. A teburin nan kujera ɗaya aka ba shi, ɗaya aka ba ki, kuma ba don ado aka yi haka ba. Ki riƙa fara gaisuwa. Ki koyi faɗin sunan mutum yadda uwarsa ke faɗinsa.

Kuskure na biyu na yi shi ne a bakin rijiyar. Ina cikin kafa na'ura sai wata tsohuwa daga ƙauyenmu, ana ce mata Inna Hajo, ta ajiye tulunta ta matso. Ta ce, "Ɗana, in kun gama leƙe-leƙen, ku zo in gaya muku wanda ya haƙa ta." Na ce, "Inna, matsa can, aikin gwamnati muke yi. Abin da muke nema yana cikin takarda." Ta dube ni, ta ɗauki tulunta ta tafi. Isufu kuwa, da la'asar na hango shi zaune a ƙasa a ƙofar gidanta, ya tuɓe takalmi, yana saurare kamar ɗalibi. A raina na ce ɓata lokaci. Zan dawo kan abin da ta gaya masa. A nan dai ki riƙe wannan: duk takardar da za a miƙo miki, akwai mutane a bayanta waɗanda ba za su taɓa shiga ɗakin taro ba. Layin da za ki ja da biro, ta kan gonar wani zai bi. In kin sami hanyar jin ta bakinsu, ki ji.

Yanzu ga babban. Da na gama awona sai na ga rijiyar ta faɗa gefensu da kamar taku goma sha biyar. Na sake aunawa, haka dai. Na je na gaya wa Manjo. Yana zaune a inuwar tanti, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Mista Yakubu, ni ba a turo ni nan in ba da ƙasar Najeriya kyauta ba. Rijiyar nan tamu ce. Kai ne mai lissafi, ka san yadda za ka yi." Na ce, "Yallaɓai, ai su ma za su auna." Ya ce, "Da wannan tsohon ƙarfen nasu? Wa zai yarda da shi?" Na ce, "To, yallaɓai."

Ba zan ɓoye miki ba, ba tsoro kaɗai ya sa ni ba. Tsoro akwai, don a zamanin ba a yi wa mai kaki gardama. Amma har da daɗin da na ji cewa ina yi wa ƙasata aiki. Na tuna matan ƙauyenmu da tulunansu, na ce ai taimakonsu zan yi. Na zauna na sauya lamba biyu a littafina, rijiya ta dawo gefenmu. Hannun nan da nake rubuta miki wasiƙa da shi, da shi na yi.

Ranar gwada awo aka shimfiɗa taswira a kan teburi ƙarƙashin wata tsamiya. Manjo da mu a gefe guda, shugaban tawagar Nijar da jandarmominsa masu tsaro a ɗaya gefen, mutanen ƙauyukan biyu sun tsaya nesa suna kallo, wasu da sanduna. Aka fara da fadama. A lissafina fadamar tasu ce, kuma da gaskiya na yi wannan lissafin, mutanensu ne ma ke nomanta tun kakanni. Shugabansu ya yi murmushi, ya ɗauki biro zai sa hannu. Sai Isufu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ku dakata. Malam Yakubu ya yi kuskure a nan, kuskuren da kowa kan yi. Na auna sau uku. Fadamar ga ta Najeriya ce."

Shugabansa ya juya ya yi masa magana da Faransanci, da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ji amsar, don da Hausa Isufu ya ba da ita, yadda kowa zai ji. Ya ce, "Ranka shi daɗe, in munka karɓi abin da ba namu ba yau, jikokinmu ne za su biya. Turken da anka kafa bisa ƙarya, kowace shekara sai an tsare shi da bindiga. Ni ba ni sa hannu."

Na duba littafina, na ga inda na yi kuskuren, gaskiyarsa ce. Manjo ya taɓa ni da gwiwar hannu yana murna, yana raɗa mini cewa mun ci biyu ke nan. Mutumin da na kira mushe ya tsaya gaban shugabansa da jama'arsa ya mayar mana da fadama, ni kuma ga ƙarya a aljihuna ina jiran a zo kanta.

Aka zo kan rijiya. Na karanta lambobina. Isufu ya dubi littafinsa, ya dube ni. Ya sani. Wallahi ya sani, na gani a idonsa. Da ya so, a nan zai tona ni gaban ƙasashe biyu, kuma da ya yi daidai. Sai ya rufe littafinsa ya ce, "Ranar da Malam Yakubu ya auna wurin ga an yi zafi ƙwarai. Na'ura takan ruɗe cikin irin wannan rana, ni ma ta sha yi mini. Ina roƙo a bar mu mu sake aunawa gobe da sanyin safiya, ni da shi tare, da na'urarsa, don ta hi tawa kyau."

Kin ga abin da ya yi? Bai bar gaskiya ta faɗi ba, bai kuma bar ni na faɗi ba. Ya buɗe mini ƙofa in fita da mutuncina. Da safe muka tafi mu biyu. Muna tafiya na ce, "Malam Isufu, ba zafi ba ne." Ya ce, "Na sani. Riƙe mini wannan sandar." Bai ƙara ko kalma a kai ba, a ranar ko bayanta. Muka auna, rijiya ta koma inda Allah ya ajiye ta, na sa hannu a ƙarƙashin nasa.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Na ɗaya, za a zo miki da ƙarya an naɗe ta da tuta, a ce miki kishin ƙasa ne. Mai kawo ta zai girme ki a aiki, wataƙila ma mutumin kirki ne a wasu abubuwan. Kada ki karɓa. Ƙasar da aka san wakilanta da sauya lamba, ko ta faɗi gaskiya gobe ba mai yarda. Ki kare haƙƙin Najeriya da duk ƙarfinki, ki yi gardama har muryarki ta dushe, amma a kan abin da yake namu. Na biyu, ran da kika kama wani da ƙarya, kuma za ki kama, kada daɗin kamun ya ɗauke ki. Ki tambayi kanki me kike nema, a gyara abin ko a kunyata mutumin. Wanda kika kunyata gaban jama'a zai koma gida ya shirya miki, ko da shekara goma ce. Ki nemo masa ƙofa.

Da labari ya bazu cewa rijiya ta tafi, ƙauyenmu ya ɗau zafi. Maza suka fito da kwari da baka, suka ce sai dai a binne su a bakinta. Can gefen ma aka ce ba mai taɓa musu fadama. Manjo ya kira ni maci amana a gaban kowa, ya ce a kwashe kaya mu tafi. Da mun tafi a ranar, da jini ya zuba kafin mu kai kwalta.

A nan ne matar nan lauya, wadda mako uku ba mu ji muryarta ba, ta ce a ba ta awa biyu. Ta ce wa Manjo cikin ladabi, "Yallaɓai, awo ya gaya mana ƙasar wa ce. Bai gaya mana wa zai sha ruwa ba. Wannan mu za mu rubuta." Isufu ya ce a kira Inna Hajo. Tsohuwar nan da na kora ta zo ta zauna a kan tabarma gaban hafsoshi, ta ce wa da ƙane ne suka haƙa rijiyar, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan ya zauna kudu, ƙanen ya koma arewa da shanunsa. Ta riƙa nuna mutane da yatsa a cikin taron, na nan da na can, tana cewa, "Kai jikan wane ne. Kai kuma kakarka a gidanmu aka haife ta. Kai mai sandan nan, ni na yanke maka cibiya, sauke ta." Ya kuwa sauke.

Lauyar ta zauna ta rubuta sakin layi biyu, da Turanci da Faransanci, aka karanta wa jama'a da Hausa. Rijiya a ƙasar Nijar take, amma mutanen ƙauyukan biyu da dabbobinsu za su sha ba mai tambayarsu takarda. Fadama a ƙasar Najeriya take, amma masu nomanta za su ci gaba da noma, su da 'ya'yansu. In an yi saɓani, masu garin biyu za su fara zama kafin a kira mai bindiga. Ta yi ta gyara kalma guda har sau huɗu, don ta ce ma'anarta a Faransanci ta fi ta Turanci faɗi. Ni a lokacin gani nake tsirfa ce. Manjo ya sa hannu yana huci, don ya ga manyansa za su fi son takarda a kan gawa. Wani direban babbar mota da ke bin hanyar ya gaya mini bara cewa har yanzu ana shan ruwan, an ma ɗaure bakin rijiyar da siminti, gari biyu suka haɗu suka yi.

Da muka dawo Kaduna aka ɗauke ni daga aikin fili aka kai ni ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori. Shekara bakwai ina kaɗe ƙura, waɗanda na koya wa aiki suna wuce ni. Kin tuna lokacin da nake dawowa gida ba na yi wa kowa magana, mamanki tana cewa ku yi shiru Baba ya gaji? Ba gajiya ba ce, haushi ne. Kuma ga kuskuren da ya fi ci mini rai: haushin, a kan Isufu na ɗora shi. Na riƙa cewa shi ya jawo mini. Ya rubuto mini wasiƙa sau biyu, ta hannun wani mai kawo albasa kasuwa. A ta biyun ya ce shi ma an mayar da shi wani ƙauye mai nisa, amma yana lafiya, yana koya wa matasa awo, kuma yana gaida Rifkatu mai son karatu. Ban ba shi amsa ba. Kullum sai in ce gobe. Da na huce na rubuta, mai albasan ya dawo mini da takardata ba a buɗe ba, ya ce dattijon ya rasu da damina. Na zauna a kan benci a kasuwar da takardar a hannuna.

Mutumin nan addininmu ba ɗaya ba, ƙasarmu ba ɗaya ba, mako uku kacal muka yi tare, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya fi shi ba, kuma ya tafi bai ji na gode daga bakina ba. Don haka, 'yata, in wani daga ɗaya gefen teburi ya yi miki alheri, ki gode masa tun yana jin ki. Ki amsa wasiƙa a makon da ta zo. Gwamnatoci sukan ɓata su shirya, amma ran da abu ya cije, mutum biyu da suka yarda da juna ne ke ɗaga waya su warware shi.

Saura ɗaya, kuma ke na yi wa shi. Ran da kika ce za ki karanta dokar ƙasa da ƙasa, na ce miki doka ce marar ɗan sanda, surutun masu kwat ne kawai, ki nemi abin da zai ba ki abinci. Muna zaune a tsakar gida, kina tsince shinkafa. Kika ce, "Baba, a unguwar nan ɗan sanda ne ke hana mu shiga gonar Alhaji Sani? Ai alkawari ne da kunya." Na yi miki tsawa na ce ba a mayar mini da magana. Gaskiya kika faɗa, kuma na fi kowa sani, don da idona na ga sakin layi biyu sun sa maza sun ajiye kwari da baka. Ɗacin raina ne ya yi magana a ranar. Kika ci gaba da karatunki, kina tsallaka gadar kogin Kaduna kullum da littattafai a ka, har kika fito ta ɗaya. Ki yafe mini. Ina alfahari da ke fiye da yadda takardar nan za ta iya ɗauka.

Kin shiga aiki a lokacin da ya fi nawa. Sojoji sun koma bariki, ni da mamanki mun bi layi cikin rana mun jefa ƙuri'a, ƙasashen da suka juya mana baya sun fara buɗe ƙofa. Ban ce komai ya gyaru ba, farar hula ma mutane ne. Amma yanzu in kin ce a'a, akwai majalisa, akwai kotu, akwai jarida. Za a riƙa kallonki a can don a ga ko da gaske mun sauya. Ki isa taro kafin lokaci. Ki karanta kowace takarda har ƙarshe kafin ki sa hannu, ko da ana tsaye a kanki. Ki nemi majami'a tun makon farko, kada ki bar addu'a don aiki ya yi yawa.

Mamanki ta ce in gaya miki ta cusa daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa a ƙasan akwatin, cikin zanen nan shuɗi. Hajiya Balaraba maƙwabciyarmu ta ƙara da kilishi, ta ce kuma ta sa ki a addu'a. Na san halinki, za ki ɓoye ki riƙa ci kaɗan-kaɗan. Kada ki yi haka. Ki dafa, ki kira mutanen da kuka wuni kuna gardama da su, su zo su ci.

Ubangiji ya sa miki albarka, ya kiyaye ki a sama da ƙasa, ya tsare harshenki da hannunki. Ya ba ki zuciyar faɗin gaskiya da hikimar faɗinta. Ya dawo mana da ke lafiya, mu gan ki da idanunmu.

Ni ne mahaifinki,
Yakubu.